Hoton Miyar Sure

Tsakanin gidanmu da na Inna a unguwar Arkilla ta Sakkwato akwai katangar da magini bai ƙarasa ba. Daga bakin ƙofa ta fi tsawon mutum, amma tana isowa wajen madafina sai ta gaza da layi uku na bulo. In na kife turmi na hau, ina ganin tsakar gidanta duka: darbejiya, randa biyu, da murhun duwatsun da ta ƙi rabuwa da shi. Maigidana ya sha cewa zai kira a cike wurin. Shekara bakwai yana faɗa ina cewa to, don na san ba zai yi ba.

Inna ba uwata ba ce, ba mu haɗa komai ba sai wannan katanga. Mijinta ɗan kasuwar hatsi ne, ya rasu kafin mu tare a unguwar. 'Ya guda ta rage mata, tana aure a Abuja, tana kira in ta tuna, tana aike in ta tuna. Ban ce ba ta yi ba, cewa na yi in ta tuna. Sauran kwanaki Inna na zaune da abin da ke cikin tukunyarta, wani lokacin kuma tukunyar a kife take wuni.

Amma kada ka kuskura ka ce za ka ba ta. Azumin farko da muka yi a unguwar, wata mata a layinmu ta aika mata da shinkafa a leda, irin rabon da ake yi wa mabuƙata. Inna ta yafa mayafi ta mayar da ledar da kanta har gida, ta yi godiya mai kyau, ta ce a ba wanda ba shi da shi. Ranar kuwa da kunu kaɗai ta sha ruwa. Na sani, don madafinta na jikin nawa, abin da ta ɗora ba ya ɓoye mini.

Hanya ɗaya ce abinci ke shiga gidan Inna daga waje, ita ce ciyayya, kuma ita ta fara. Wata rana da la'asar na ga langa a kan katanga, an rufe da faifai. Kwaɗon rama ne a ciki. Na juye na wanke, na zuba mata tuwon shinkafa da miyar taushe na mayar wurin. Shi ke nan muka ƙulla. Ta miƙo ɗan dambu, ko danƙin gyaɗa dafaffiya, ko kwaɗon da bai fi loma biyar ba, ni kuma in cika langar da abin da na dafa wa gidana, in tura nama ƙarƙashin miya. Ta ciyar da ni, na ciyar da ita, ba wadda ta fi wata. Mafi yawan kwanaki abin da ke cikin langar nan shi ne abincin darenta. Na sani, ta san na sani, kuma ba wadda ta taɓa buɗe baki a kai.

Ni kuma ga nawa halin, karatu. Tun ina sakandare nake hayar littattafan Hausa ina ɓoyewa a jakar islamiyya, na sha mari a kansu ban daina ba. Da waya ta zo sai abin ya zama ciwo. Yanzu marubuta a waya suke sakin labari shafi-shafi, kina jira kamar mai jiran a kawo wuta. Ina jingina wayar da gwangwanin gishiri, hannu ɗaya na juya miya, ina tura rubutun sama da bayan yatsa don kada manja ya ɓata gilashin. Na ƙona wake ya fi a ƙirga. Inna kan leƙo ta ce, "Kina nan kina karatun ƙaryar taki, tukunya na kuka." Sai kuma ta gyara tsayuwa ta ce, "To shi mutumen da ya tahi fatauci, ya dawo ko bai dawo ba?" In ba ta labarin inda aka tsaya, ta tsine wa wanda ya cancanta, ta koma wajen tsintsiyarta.

Daga guruf ɗin littattafai ne wata ta jefa ni guruf ɗin girki, ba tare da ta tambaye ni ba. Mata ne birjik daga garuruwa daban-daban. Da farko na ji daɗinsa, na koyi yadda ake cincin ba ya shan mai, da dabarar hana kuɓewa tsinkewa. Amma ka ji mini mata da iyayi. Ba mai ɗora abinci sai a farantin tangaran, an yanka kokwamba an jera a gefe, an ajiye cokali mai ruwan zinare wanda na rantse ba a cin abinci da shi. Shinkafa da wake ma sai an laƙa mata sunan Turanci. Wata ta soya ƙwai biyu ta ɗauki hoto ta fuska huɗu, mata hamsin su bi ta da ma sha Allah. Ni da ke tuƙa tuwon mutum bakwai a zafin Sakkwato, zufa na shiga mini ido, ban taɓa ɗora komai ba. Ina dai kallo ina tsaki, abin yana taruwa a raina.

Ranar da abin ya faru Laraba ce. Na gama wanke-wanken rana ke nan na ji ana ƙwanƙwasa langa a kan bulo. Na hau turmi.

"Amshi wanga, ɗiyata," in ji Inna. "Hoce na yi, da miyas sure. Ba nama ciki, ki yi haƙuri da shi hakanan."

Wanda bai ci hocen Inna ba bai san dawa ba. Takan kwaɓa garin ya kwana ya yi tsami daidai, ta gasa a kan garwashi har bayansa ya yi ja. Miyar kuma sure ne, wato yakuwa, da daddawa da ƙuli, ta kashe tsamin da 'yar kanwa, ba dunƙulen ɗanɗano ko ɗaya. Na buɗe faifan, ƙamshin ya bugi hancina, na tuna gidan kakata a cikin gari. A daidai lokacin wayata ta yi ƙara, na duba, wata ce ta ɗora taliya da tsiran Turawa tana tambaya wa zai zo ya taya ta ci.

Shaiɗan bai sha wata wahala a kaina ba. Na ɗora langar a kan tabarma, na ɗauki hoto, na rubuta a ƙasa: hoce da miyar sure daga hannun tsohuwa maƙwabciyata, ba ta da komai, wata rana ko abin dafawa babu, amma sai ta miƙo mini, ku masu faranti, wa ta iya wannan? Na tura. Har ga Allah yabonta na yi niyya, da kuma in ɗan taka matan nan. Na zauna na ci hocena ina jin daɗin kaina.

Kafin in wanke hannu saƙo ya fi talatin. Ta farko ta ce, wannan miya ce ko ruwan kwata? Wata ta ce ita kwanon ne ya tsorata ta, a duba yadda fenti ya ɓaɓɓare, ko karenta ba za ta zuba wa a ciki ba. Wata ta ce Sakkwatawa da cin ganye sai ka ce awaki. Aka yi ta jero hotunan dariya. Raina ya ɓaci, amma wannan mai sauƙi ne, na san maganinsu.

Masu tausayin ne suka kashe ni. Wata ta rubuta, Allah sarki baiwar Allah, ina 'ya'yanta? Wata ta amsa, ai 'ya'yan zamani ke nan, suna can suna cin kaji uwa na cin ganye. Wata ta ce in turo kwatancen gidan, ƙungiyarsu na raba wa zawarawa kayan abinci, za su zo su ɗauki bidiyo. Bidiyo fa. Inna, wadda ta taka da ƙafarta ta mayar da shinkafar azumi, ita za a tsayar a gaban kyamara riƙe da leda.

Na danna wurin ɗaukar murya na wanke su tas. Na ce wadda ta kira miyar ruwan kwata ta je ta tambayi kakarta da me aka yaye ta. Na ce mai kare ta fara koyon tuƙa tuwo ba gudaji kafin ta yi maganar kwanon mutane. Na ce masu bidiyo kuma ba wanda ya roƙe su. Da yake in raina ya ɓaci harshen gidanmu ke fitowa, sai suka bar maganar suka koma kwaikwayon yadda nake cewa mi kuka ce. Na ƙara wata muryar, ta fi ta farko zafi. Ina cikin ta uku na ji ƙauri, shinkafar dare ta kama. Da na dawo daga madafi shugabar guruf ta cire ni, wai na kawo rashin tarbiyya. Ni ce mai rashin tarbiyya, ba mai kare ba.

Sai a lokacin na tuna ban goge hoton ba, kuma yanzu ba ni da hanyar gogewa. Maigidana da ya dawo daga ofis ya ci shinkafa mai ƙauri, ya ji labarin, abin da ya ce kawai shi ne, "Ai na faɗa miki wayar nan." Na ce masa in ba shi da abin da ya fi wannan ya ci abincinsa.

Akwai abin da ban lura da shi ba a hoton. A gefen langar akwai ɗigo uku na jan fenti, shaidar da Inna ke yi wa kwanoninta tun zamanin da ake kai gudummawar tuwo gidan biki, don kada su ɓace cikin na mutane. Kullum ina ganin ɗigon nan har na daina ganinsa. Amma wadda ta tashi tana wanke kwanonin ba za ta manta ba.

Kwana biyu bayan nan 'yar Inna ta kira ni. Tana da lambata, don ni take nema in wayar uwarta ta mutu. Ba ta cikin guruf ɗin girki. Hoton ne ya yi tafiyarsa, wata ta kwafa ta tura wani wuri, wata ta ƙara masa rubutu, har ya faɗa guruf ɗin matan dangin mijinta ɗauke da cewa wata tsohuwa ce a Sakkwato 'ya'yanta suka yasar, maƙwabta ke ciyar da ita. Ba wanda ya san uwarta ce sai ita, amma ta karanta tsinuwar da aka yi ta jerawa a ƙasa, har da ta ƙannen mijinta.

Ko sallamar kirki ba ta yi ba. "Ke ce kika gaya wa duniya uwata ba ta da abin dafawa?"

Na fara ba ta haƙuri, wallahi na fara. Na ce kuskure ne, yabo na yi nufi. Ta ce ba ta son jin komai, ta san irina, matan da ba su da aiki sai waya da leƙen gidan mutane, in ba ku ba tsohuwa loma ɗaya sai kun yi shela. Ta ce uwarta ba almajira ba ce. Nan haƙurina ya ƙare.

Na ce, "Abin da na rubuta, ƙarya na yi?"

Ban jira amsarta ba. Na ƙara da cewa rabonta da Sakkwato tun sallar bara, in tana son sanin abin da uwarta ke ci ta zo ta buɗe tukunyar da hannunta. Ta kashe wayar. Na zauna ina huci, ina jin na yi nasara. Har yau ina ganin gaskiya na faɗa mata, kuma har yau ina da-na-sanin faɗar.

Ranar Asabar Keke Napep ya tsaya a ƙofar Inna da aiken 'yarta. Buhun shinkafa, katan ɗin taliya, jarkar mai, tukunyar gas, da jerin kuloli masu ruwan zinare. Da yamma na ga hoton da ta sa ɗan aiken ya ɗauka a sitatus ɗinta: Inna tsaye a gefen kayan, sanye da mayafinta na zuwa biki, tana kallon ƙasa. An rubuta a ƙasan hoton, aljannata, Allah ya bar mini ke. Na kalli hoton nan na rasa inda zan sa kaina don takaici. Ni na ɗauki langa an ce na tona asiri, ita ta tsayar da tsohuwar da kanta a gaban buhu an ce mata ma sha Allah. Kuma Inna tsoron gas take, ko kusa da nawa ba ta zuwa.

Washegari na zuba tuwo a kwanona na ɗora a katanga, na ƙwanƙwasa. Shiru. Ina jin motsinta, tana shara. Kwanon ya zauna har aka kira magariba, na sauke shi tururuwa sun kewaye murfin. Na sake gwadawa kwana biyu a jere, haka. Rana ta huɗu na hau turmi na yi sallama, ta amsa daga cikin ɗaki, ta ce tana lazimi. Da rana tsaka.

Sai ni ma na hau dokin fushi. Na ce shekara bakwai ina tura nama ƙarƙashin miya, kuskure ɗaya ya shafe duka? To ta ci shinkafar Abuja. Na mayar da turmin bayan ɗaki. Na koma karatuna, na gama littafi uku a mako biyu, mutumin da ya tafi fatauci ya dawo ban sami wanda zan gaya wa ba. In na yi miya mai daɗi hannuna kan kai ga kwanon da kansa, sai in tuna in mayar. Yara suka tambaya ina hocen Inna, na ce su rufe mini baki.

Buhu kuwa ƙarewa yake yi, balle a hannun wadda duk jikan dangi da ya shigo gaishe ta sai ta auna masa. Wata na uku na fara lura da madafinta. Da safe in ji ƙamshin kunu. Da rana shiru. Da yamma, lokacin da hayaƙin murhunta ya saba tsallako katanga ya sa ni tari ina mita, wata rana ya tashi, wata rana babu. Na lura kwana biyu a jere babu. Na leƙa sitatus ɗin 'yar, tana wani biki, an yi mata lalle har gwiwar hannu.

Ranar na tuƙa tuwon dawa, don shi ta fi so, na yi miyar kuka da naman rago. Na bar wayata a kan gado. Na yafa mayafi na fita ta ƙofa, na zaga na shiga gidanta da sallama kamar baƙuwa, abin da rabona da yin sa tun muna sababbin zuwa. Tana zaune a gindin darbejiya tana tsince zare daga wani tsohon zane. Ta rame. Kulolin nan na jere a bakin ɗaki cikin ledarsu, ƙura ta hau.

Na durƙusa na gaishe ta, ta amsa da sakin fuska, ta tambayi maigidan da yara ɗaya bayan ɗaya. Na ajiye kwanon a gabanta. Na ce, "Inna, na yi laifi, ki yafe mani. Wallahi ba don in wulaƙanta ki na yi ba. Matan nan ne suka ba ni haushi, na so in nuna masu abincin kirki."

"Na yahe maki tun ranar," in ji ta. "Dariyar da aka ce sun yi, ita ko a jikina. Wanda bai san sure ba, mi za ya ce?"

Na ji sanyi a raina, na fara tura kwanon kusa da ita. Na ce in don 'yarta ce, ba sai ta sani ba, ba mai gaya mata.

"Ba don ita ba ne. Ita ta yi faɗanta ta gama." Ta ajiye zanen a cinyarta. "An karanta mani abin da kika rubuta. Wai wata rana ko abin dahwawa babu."

Na sunkuyar da kai. Na ce, "Inna, ai ba yau na sani ba."

"Awo. Na san kin sani. Amma ba ki hwaɗi ba, ni ma ban hwaɗi ba, shi ya sa nike iya ci." Ta ɗora hannu a kan murfin kwanon, ta turo mini shi a hankali har ya taɓa gwiwata. "Da ciyayya muke yi, ɗiyata. Yanzu in na amsa, sadaka ce. Kai ma yara, kada shi huce."

Na ɗauki kwanon na fito. Ranar ma ba ta hura wuta ba.